Na'Allah, Wanda Ya Ƙi Raba Uwa da Ɗa a Teku

Kullum da hantsi Na'Allah yana gindin tsamiya a Horo Birni yana tufka igiyar shanu, alhali ko ɗan maraƙi ba shi da shi. Masu wucewa su ce, "Sarkin kifi, ina labarin teku?" Shi ya amsa da fara'a. Ni abin ke ƙona wa rai.

Ya daɗe a Kwatano yana tuƙa jirgin ruwa mai inji. Aikinsa kai baƙi cikin teku su kalli wata dabba mai doro, mai siffar kifi, wadda ta fi motar albasa tsawo, tana feso ruwa sama, tana shayar da ɗanta nono. Mode, ɗan Boɗinga mai kai albasa can, ya sha shiga jirgin. Ya ce da an hango ta sai Na'Allah ya kashe inji, ya hana kowa magana, a jira ta matso don kanta, kamar yadda makiyayi ke yi wa saniya mai sabuwar haihuwa.

Bana mai jirgin ya ce baƙi sun gaji da jira, a riƙa kutsawa tsakanin uwa da ɗa don ta fusata ta yi tsalle a ɗauki hoto. A gaban Mode Na'Allah ya ce masa, "Gidanmu ba a raba nagge da ɗiyanta don 'yan kallo. Ba ni yi." A ranar aka kore shi.

Ya dawo cikin wannan tsuke bakin aljihu, shinkafa ta gagari kowa, ga iyali. Ya nemi kiwon shanun gari. Manya suka ce wanda ya zubar da aiki saboda kifi ba a ba shi amanar dukiya. Suka ba da kiwon ga mutumin da bara ya karya wa bijimi ƙafa a hanyar Kajiji. Wannan wane irin hankali ne?

Baba Na'Allah, kai ne ka zaɓi yunwa a kan cutar dabbar da ba taka ba, wadda ba za ta taɓa sanin sunanka ba. Allah Ya saka maka, mun gode.

Jama'a, ku daina dariya, ku koya. Jiya inna Zulaihatu ta kora masa karsanarta mai ciki ya yi mata kiwo, ita kaɗai gare ta. Masu garke, saura ku.