Wankan Sojan Roba

Ina tsugune a banɗakin gidanmu na Sentul, ina goge wa soja gashin baki da tsohon buroshin haƙori, sai ga Maman Amira a bakin ƙofa.

Sojan na roba ne, iya kai da ƙirji, irin mayaƙan Turawan da ake sayowa a yi musu fenti. Aikin ya yi kyau, har maɓallan rigarsa sun fito ras. Sai dai in ba a wanke masa maiƙo da sabulu ba, fenti ba ya kamawa.

Ta ce, "Abban Amira, ashe ka iya yi wa mutum wanka? To 'yarka na bin layi tun ranar suna."

Har yanzu soja bai ga fenti ba, amma Amira ta sha wanka. Jama'a, ku ma haka sojojinku ke tona muku asiri?