Duron da Dattijuwa Ta Saya

Ina shakkar ko dokokin da ake maganar kafawa kan almubazzarancin gwamnati da sharar nukiliyar ƙasashen waje za su taɓa isowa Mai'adua. Ga wata dattijuwa mai faso a dunduniya a kasuwa, tana zaɓen tsohon duro. Tana zura kai ciki ta shinshina, ta ce toka za ta kashe warin. A jikin duron akwai zanen ƙoƙon kai da gargaɗin sharar nukiliya cikin harshen ƙasar da na yi karatu. Na karanta, na matsa kusa da ita bayan an ɗaura mata duron a babur.

"Inna, me za ki zuba a ciki?"

"Ruwan shan jikokina, ɗana. Famfon garinmu ranar bikin buɗe shi kaɗai ya kawo ruwa."