Mai Tsaye a Gindin Layi

A gidanmu na Yola, da an idar da magariba sai mu kewaye murhun kakata Dada. Masara na gasuwa, ita tana kaɗin auduga, bakinta kuma ba ya hutawa. Mazarinta ma ya san tatsuniya, in ji ta, don a kunnensa ake yi.

Shekarar da nake aji biyar na zo mata da kuka. Shan inna ya taɓa mini ƙafar hagu, ga ni kuma zanƙaleliya. Malaminmu na fareti yana jera mu bisa tsawo, sai na faɗa can ƙarshen layi ta waje. Miƙaƙƙiyar tafiya ba ta gagare ni ba, amma da an zo kwana sai in kasa cim musu, layi ya karye. Ya ce in hakan ta sake faruwa zai cire ni kafin gasar makarantu a Jimeta. Abin ya ci mini rai matuƙa.

Dada ta ce in share majina kar in ɓata mata auduga, ga tatsuniya nan ta kawo kanta. Wai tururuwa biyu suka hau gululun mazari, wato dunƙulen yumɓun da ke gindinsa. Ɗaya ta zauna a baki, ɗaya ta raɓe jikin tsinke, suka yi musun wa zai riga ganin ƙofar ɗaki. Aka murza mazari. Ta baki tana ta kurin iska na kaɗa ta, ita ce sarkin gudu. Amma duk zagayen da aka yi, tare suke fuskantar ƙofa, har jiri ya wurgar da mai kurin.

"Ta ciki ba ta yi gudu ba, 'yar nan," in ji Dada, "amma ba a riga ta ba."

Washegari na tari malam, na roƙi ya mai da ni ƙarshen layi ta ciki, tunda duk kwanar filin hagu ake yi. Ya dube ni, ya dubi filin, ya ce a gwada.

Ranar gasa, da muka iso kwanar farko, na riƙa ɗan taku a wurina, na waje suna zabga ƙafa. Layinmu ya juya sambal kamar ƙyauren ƙofa. Mu muka ɗauko kofi, kuma har gida ban daina tsalle da ƙafar nan tawa ba.

Sai a sakandare malamin fiziks ya ba abin suna. Ya ce duk abin da ke juyawa, na ciki da na waje kusurwa ɗaya suke sharewa a lokaci ɗaya, nisan tafiya ne kawai ya bambanta. 'Yan aji na ta kwafa a littafi, ni ina murmushi. Na daɗe ina ɗauka Dada dabarar ɓoye gurguwa ta koya mini. Yanzu na gane ba ɓoye ni aka yi ba. Ranar nan, duk layin a kan ƙafata ya juya.