Tabarmin Sumani da Jirgin Soja

Sumani ɗan Bawku ne, Yendi ta ba shi karatu, Salaga ta ba shi mata, a Makango kuma ƙasa ta rufe idonsa. Sana'arsa saƙar tabarma. Allah ya jiƙan abokina, mutum ne da bai iya ganin baƙo a tsaye ba. Kafin ka gama sallama ya shimfiɗa maka, ko da tambayar hanya ta kawo ka.

Shekarar da ruwan tafkin Volta ya fara cin gonaki, macizai suka gudo cikin garin Makango. Wata safiya kububuwa ta sari 'yarsa Salimatu a bakin rumbun doya. Kafin azahar ƙafa ta kumbura, jini na tsattsafowa daga dasashinta. Damina ta karya gadar hanyar Salaga, mota ba ta wucewa. Jibirilu, akawun gwamnati mai kula da tashin ƙauyukan da ruwa zai ci, ya buga wayar iska, ya zo yana haki.

"Baba Sumani, jirgin soja mai saukar ungulu zai zo, babba, mai inji biyu. Asibitin Tamale zai kai ta. Ku gyara fili!"

Ya koma wurin wayarsa. Shi kuwa Sumani, gyaran fili iri ɗaya ya sani. Ya kwaso tabarmin gidansa, ya haɗa da na sayarwa, ya rufe filin makaranta da su.

Matarsa Karimatu, kan yarinya a cinyarta, ta ce, "Malam, biki za ka yi?"

"Mutanen da za su ɗauki 'yata, ƙasa za su taka?"

Bayan la'asar aka ji ƙara daga arewa. Jirgin ya sauko kaɗan, sai iskarsa ta ɗebi tabarmi sama kamar busasshen ganye. Nan take ya cira, ya nufi wajen ruwa.

Jibirilu ya iso hannu a ka. "Wa ya shimfiɗa waɗannan? In ɗaya ta shiga farfela, duk sun halaka! Baba, ka kori jirgin!"

Ƙarar tana ta yin nisa. Karimatu na kiran sunan yarinya kada ta lumshe ido. Sumani ya bi tabarmi da gudu, masunta da mata masu ƙyafa kifi suka rufa masa baya. Wata tabarmar a kan mangwaro, wata a rufin makaranta. Suka tara su a gefe. Babu lokacin neman igiya, sai ya kwanta rub da ciki a kan tarin, ya rungume, bakinsa na salati, kunnensa na sama.

Shiru. Can sai ƙarar ta dawo.

Iska ta cika masa baki da yashi, tabarmi na fizga a ƙarƙashinsa, bai saki ba. Shi ya sa bai samu ya taɓa 'yarsa ba. Ta ƙasan hannunsa ya hango ana shigar da ita jirgin, uwarta na biye.

Salimatu ta dawo kafin a haƙa sabuwar doya, tana ɗan ɗingishi. Sumani bai daina shimfiɗa wa baƙi ba, sai dai daga ranar kowace kusurwar tabarma sai ya ɗora mata dutse, har a cikin ɗaki. An yi masa dariya, bai taɓa damuwa ba.

Ranar zaman makokinsa Salimatu ce ta shimfiɗa tabarmin. Ta bi kusurwa-kusurwa da duwatsu, babu wanda ya yi dariya.