Guɗar da Ta Buɗe Kaset ɗin Yaya

Ku gyara zama, ku kife wayoyin nan, ku ba ni aron kunnuwanku. Ga ta nan tafe gare ku, sai dai wannan ba tatsuniya ba ce, da ƙafata na taka ta.

Ni ban yi boko ba, ban kuma taɓa zama mawaƙiya ba. Abin da Allah ya ba ni guɗa ce. Tun ina amarya a Adjamé, in na kama hancina na rangaɗa ta a gidan biki, har masu gbaka, motocin hayar gari, a Roxy sai sun waiwaya. Da haka na shiga ayarin wata zabiya ta unguwarmu, wadda muke kira Yaya don ta girme mu duka.

Yaya tana da al'ada guda: ba ta buɗe baki sai an yi mata guɗa. Ko fili ya cika, ko ƙwarya ta yi zafi a hannun masu kiɗa, tana zaune kamar baƙuwa. Sai guɗa ta tashi ta kai ƙarshe ta sauko, a daidai inda ta sauka, nan Yaya take ɗaukar waƙa. Ni kuma ina yi ina kallon ƙirjinta, ba na saki sai na ga ta cika shi da numfashi.

A wancan zamani waƙoƙin Hausa duk daga gida ake kawo mana su, daga Maraɗi da Damagaram da Kano. Sai wani Alhaji mai sayar da kaset a Roxy ya ce me zai hana a ji namu na nan. Ya bi mazajenmu ɗaya bayan ɗaya yana neman izini. Mai gidana, Allah ya jiƙansa, ya ce, "Guɗa ce kawai? To ta je ta yi musu, mu ma a gida ba mu tsira ba."

Aka ɗebe mu zuwa wani ɗakin ɗaukar murya a Treichville, da ƙorenmu da zannuwanmu na anko. Mai na'ura ya ɗaga hannu a fara, Yaya ta dube shi kawai. Sai da na yi guɗa ta shiga. Shi ya sa kaset ɗin nan da muryata ya buɗe, kafin kiɗa, kafin komai.

Kaset ya tafi, jama'a. Direbobin tashar mota ta Gare de Bassam suna sa shi, matan ƙabilar Jula da ba sa jin Hausa suna rawa da shi, har aka kai shi Nijar, inda a da mu muke saye.

Shekaru suka ja. Mai gidana ya rasu, na je Makka na dawo, na ce na ajiye guɗa, ta yara ce. Yaya kuwa hawan jini ya taɓa mata ɓarin jiki guda, ta daina fita.

Bara sai 'ya'yan Alhaji mai kaset suka zo, suka ce kaset ya cika shekara arba'in, za su yi taro a Treichville kusa da tashar jirgin ruwa, suna son Yaya ta yi waƙar kaset ɗin da bakinta ko sau ɗaya. Babbar 'yarta ta hana, tana tsoron kada uwarta ta ji kunya a gaban jama'a. Yaya ta ce ba za ta bar duniya ana yi mata waƙarta tana gida kwance ba. Ni kuma masu shirya taron suka ce mini, "Hajiya, ke ba sai kin wahala ba, mun ciro guɗarki daga kaset, a na'ura za mu sa." Na ce madalla, kuma har zuciyata na ji sauƙi.

Ranar taro, bayan la'asar, aka turo Yaya a kujera mai taya, aka gyara mata mikro. Na'ura ta saki guɗa, muryar yarinyar da nake a da ta cika wurin, jama'a suka tafa. Yaya ba ta ɗauki waƙa ba. Aka sake sa ta, masu ƙwarya suka ɗauka, suka zaga, suka dawo. Shiru. Matasa suka fara ƙus-ƙus da Faransanci, na ga babbar 'yarta ta miƙe za ta janye kujerar.

Sai Yaya ta kama mikro da hannunta mai lafiya ta ce, "Ina ja'irar nan? Na san tana nan ta ɓuya cikin mayafi."

Na ce, "Yaya, na tsufa, haƙorana duk sun zube."

Ta ce, "Da haƙori kike yi? Waccan ta na'ura ba ta kallona. Tashi!"

Na tashi. Na tsaya a gefenta, na kama hancina. Guɗar ba ta kai inda take kaiwa a da ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma na riƙe ta ina kallon ƙirjin Yaya yana ɗagawa a hankali, a hankali, sai da ya cika na sauko da ita ƙasa, can ƙasa inda tsohuwar murya za ta iya taka. Nan Yaya ta shiga. Ta kai waƙar har ƙarshe, baiti bai faɗi ba, matan da aka aurar da wannan waƙa suna amshi suna share hawaye.

Alhaji mai kaset bai ga ranar ba, ya riga mu gidan gaskiya da daɗewa, 'ya'yansa yanzu wayoyi suke sayarwa a rumfarsa. Babbar 'yar Yaya ita ta fi kowa yawo da hoton taron. Yaya ba ta ga azumi ba, amma har ta cika tana ba masu dubiya labarin yadda ta yi waƙa a Treichville. Ni kuwa ga ni zaune gabanku. Na sake ajiye guɗa, don wadda nake yi wa ta tafi.