Bututun Halliru Mai Walda

Halliru ɗan Gidan Katta ne, mai walda a bakin tashar Illela. Tun tasowarsa yake haɗa ƙofofi da amalanke, ba shi da rigar da tartsatsi bai huda ba. Da hannunsa na dama yake ciyar da gida.

Ƙanwarsa Raliya tana koyar da kimiyya a Amarawa. Ita ta kawo masa gilasai da kyamara, ta ce ya ƙera mata bututun hangen taurari mai ƙafa uku. Ta ce akwai wata ƙatuwar duniya ta iska zalla, tana kewaya wani tauraro mai nisa, ta matso kusa da shi har ƙarfe kan narke a cikinta don zafi. Ba a ganinta. Sai ta gitta gaban tauraron haskensa ya ɗan ragu, kyamara ta kama.

"Ƙarfe ya narke ba janareto?" in ji Halliru. "Can ya kamata a haife ni."

Ranar da duniyar za ta gitta, ya ɗaure bututun a babur bayan la'asar, ya nufi Amarawa. A makon 'yan bindiga sun kashe mutane a wani ƙauye. 'Yan sa-kai suka tare shi a hanya.

"Kai, mi na wanga?" babbansu ya tambaya.

"Madubin tauraro na, yallaɓai."

"Tauraro da rana? Makami na! Wa za ka kai ma?"

Ya fara bayanin duniyar da ke narka ƙarfe, gora ta sauka a bakinsa. Suka kayar da shi suna duka. Bai kare kansa ba, hannun dama ya cusa ƙarƙashin ciki ya kwanta a kai. Ɗayansu ya lura. Suka fizgo hannun, suka ɗora a kan dutse, suka yi ta bugu da gindin bindiga. Wani yana neman fetur a ƙone shi sai ga Lawwali, wani tsoho da Halliru ya taɓa gyara wa amalanke. Ya faɗa kan Halliru yana rantsuwa ya san shi. Suka farfasa gilasan, suka tafi da bututun.

Mai ɗori ya yi iya yinsa, yatsu uku ba su sake lanƙwasuwa ba. Raliya ta yi kuka, ta ce ta bar taurari har abada.

"Kin bari bayan na biya da hannu?" ya ce. "Samo wasu gilasan."

Da hagu ya koyi walda. Ɗinkinsa ya zama karkatacce, masu ƙofofi suka koma wajen wasu, gyaran amalanke kaɗai ya rage masa. Bututu na biyu fari ya fenta shi, Lawwali ya kai shi Amarawa a ɓoye cikin kara.

Daga baya Raliya ta nuna masa a waya: layin hasken tauraron miƙaƙƙe, ya ɗan lotsa, ya sake miƙewa.

"Ita ke nan?"

"Ita ce, Yaya."

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya miƙa mata wayar da hagu, ya ja janareto.