Gwafar Gidaɗo Maharbi

Gidaɗo maharbin Indabo ya tsufa, har bindigarsa ta fi ƙarfin hannunsa. Ranar da kada ya fizge masa kare a bakin kogin Wudil, ya harba, bindiga ta rinjaye shi, harsashi ya faɗa ruwa.

Mai walda ya ƙera wa bindigar ƙafafu biyu na ƙarfe, sai suka nutse cikin yashi.

Matarsa Lubabatu ta ce, "Malam, kare ne fa, ba ɗa ba."

Ya ce, "Je ki gaya wa kadan."

Ya tumɓuke turken ƙirya mai gwafa da yake ɗaure karen, ya kafa a gaɓa, ya ɗora bindiga. Sai kadan ya fito shan hantsi. Fatarsa na zauren Gidaɗo har yau.